Ranar da Ummi Ta Kasa Buɗe Ƙofar Gidanta

Abubuwa da yawa sun same ni a garin nan na Makka waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi tunani kafin in gano su. Amma abin da ya sami mahaifiyata ranar wata Arfa, a bakin ƙofar gidanmu da ke Zahir, ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Shekaru sun wuce, an yafi juna, ana zama a ci abinci a faranti ɗaya, duk da haka ban daina tunawa ba. Kuma abin da ya jawo shi bai fi tsawon yatsa ba.

Mu a nan aka haife mu. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Kano ya zo aikin Hajji, bai koma ba. Ummi, haka muke kiran mahaifiyarmu, a Jarwal ta girma, tun kafin otal-otal su cinye tsofaffin gidajen unguwar, daga baya muka dawo Zahir. Ni ce babbar 'yarta. Da mijina ya rasu sai na tattaro na dawo wurinta, muna zaune mu biyu a hawa na farko na wata tsohuwar imara, wato gidan bene, mai hawa uku. Ƙanina, wanda shi ne auta kuma shi kaɗai ne namiji, yana wata unguwa da iyalinsa. Ma'aikacin ofis ne, mai son tsabta da tsari, Larabci ya fi masa sauƙi a baki fiye da Hausa. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa tun yanzu don kada a yi masa mummunar fahimta. Mutum ne dai da in ya ga abu ya burge shi, to ya gama yanke hukunci cewa kowa ma shi yake buƙata.

A lokacin ciwon sukari ya riga ya ci idon Ummi, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Yatsunta kuma sanyin ƙashi ya kama su, sun kumbura a gaɓoɓi, ko marfin kwalba ba ta iya murɗawa. Amma ba ta yarda a mayar da ita abin tausayi ba. Tana fita masallacin unguwa da sandarta, tana zuwa gaisuwa da barka, tana dawowa ta buɗe ƙofarta da kanta. Makullanta huɗu ne: na ƙofar ƙarfe ta waje, biyu na ƙofar sashenmu mai kwaɗon sama da na ƙasa, ɗaya na akwatinta. Kowanne ta yi masa alamar da hannu zai gane. Na waje ta ɗaura masa ƙwayar carbi babba, na sama ta yi masa ƙulli ɗaya da tsumma, na ƙasa ƙulli biyu, na akwati kuwa ƙarami ne, ba ya buƙatar alama. Duka ta zura su a wata doguwar igiya da take ratayawa a wuya ƙarƙashin abaya. In tana tafiya suna kacau-kacau. Ba su da kyan gani, gaskiya ne, tsumman ma ya yi baƙi saboda shekaru. Amma ban taɓa ganin ta tsaya a bakin ƙofa tana lalube ba.

A farkon watan Zulhajji na shekarar, ƙanina ya zo gaishe ta da yamma. Ya karɓi makullanta ya ce zai je ya dawo. Da ya dawo sai ya zaro wasu 'yan abubuwa guda biyu daga aljihu, ya miƙa mini ɗaya, ya sa wa Ummi ɗaya a tafin hannu. Ƙarfe ne sirara guda biyu aka haɗa da noti a kowane gefe, makullai suna kwance a tsakaninsu kamar yadda ruwan wuƙar aljihu ke kwanciya a gidansa. In kana son ɗaya sai ka sa farce ka turo shi waje, in ka gama ka mayar da shi. Mu dai gidan makullai muka riƙa ce masa. Da yake makullan Ummi masu kaurin kai ne, ba za su shiga ba, sai ya je wurin mai yankan makulli aka yanko sababbi masu siririn kai, duka iri ɗaya, ya jera su a ciki ya ɗaure notin tamau.

"Halas, shi ke nan, Ummi, daga yau kin huta," in ji shi yana dariya. "Mutum yana jin tahowarki tun daga kan titi kamar harisi mai gadin imara. Wannan ko a jaka ko a aljihu, shiru kake ji."

Ummi ta jujjuya abin a hannunta, ta shafa gefe da gefe. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. To ina nawa na da?"

Ya ce suna motarsa, zai ajiye su saboda ko-ta-kwana. Igiyar da tsumman da ƙwayar carbin kuwa ya yanke ya zubar tun a shagon. Ya kama hannunta ya nuna mata yadda ake turo makulli, sau biyu ko uku, yana cewa na farko na waje ne, na biyu na sama, na uku na ƙasa. Shi ne yake turowa da nasa farcen, ita tana gyaɗa kai. Ina zaune ina kallo. Na ga yadda bakinta ya yi, na san ba ta so, kuma ban ce komai ba.

Ba zan yi wa abin ƙarya ba, ni ya yi mini amfani. Duk shekara ina aiki a ɗakin girkin wani sansanin alhazai a Arfa da Mina, ni ce mai riƙe makullan ɗakin ajiya da na manyan firij. Kafin nan makullai sun sha huda mini aljihun rigar aiki, sun kankare mini fuskar waya, in na sunkuya ɗaukar buhu su soke ni a cinya. Da na zuba su a wannan gidan sai duk wannan ya wuce. Abu ya zama ɗan dunƙule guda, ba ƙara, ba tsini, ba nauyi. Har abokan aikina suka riƙa tambayata inda ake samu. Jin daɗin da na yi da nawa shi ya ƙara rufe mini ido game da na Ummi. A kwanakin da suka rage kafin in tafi, duk fitar da muka yi tare ni nake riga ta zuwa ƙofa in buɗe. Ina ganin taimako nake yi. Ashe rufa wa matsala asiri nake yi, har ta jira ranar da ba na nan.

Wanda bai taɓa zama a Makka ba ba zai san yadda unguwanni ke zama ranar Arfa ba. Duk mai ƙarfi a jika ya tafi, wasu aikin Hajji, wasu tuƙi, wasu girki, wasu shara. Wasu kuma sun kwashi iyali sun bar garin don guje wa cunkoso, kamar ƙanina da ya tafi Ɗa'ifa shan iska. Harisin imararmu ma ya tafi aiki Mina. Matan da suka rage kuwa al'adarsu ce su tafi Harami tun da safe, tunda ranar ce ake samunsa fayau, su yini can har magariba. Ummi ba ta taɓa fashin wannan ba. Matan hawa na sama suka tafi da ita kamar kowace shekara. Da yake likita ya hana ta azumi, kuma allurarta tana cikin firij a gida, da azahar ta gabato sai ta ce su sa ta a tasi ta koma, kada su katse ibadarsu saboda ita. Haka ake yi duk shekara, babu wanda ya ga abin damuwa. Mai tasi ya sauke ta a bakin imara ya juya.

Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji shi, kaɗan-kaɗan, cikin makonni, domin ba ta son ba da labarin. Ta ce ta ciro abin daga jaka, ta sa farce, makulli ya ƙi motsi. Notin ya ɗauru da yawa, yatsunta ba su da ƙarfin turawa. Ta yi ta fama har farcen babban yatsanta ya tsage. Sai ta sa haƙori. Da haƙorin ta samu ta ciro ɗaya, amma ba ta san ko wanne ba ne, don ta manta ta wane gefe ake fara ƙirga na farkon, kuma duk kawunansu ɗaya ne a hannu. Ta zura shi a ƙofar ƙarfe, ya shiga rabi ya tsaya. Ta ɗauka tsatsa ce, ta kama gidan ƙarfen da hannu biyu ta murɗa. To shi wannan abu in ka riƙe shi ya zama kamar mariƙi, ƙarfin da yake ba hannu ya fi ƙarfin siririn makulli. Makullin ya karye a cikin ƙofa.

Lokacin bazara ne, rana tana tsaka. Ƙofar imararmu tana kallon titi, babu rumfa, babu bishiya, bangon ma in ka taɓa sai ya ƙona ka. Ta buga ƙofa, babu kowa a ciki. Ta yi sallama da ƙarfi ko wani zai ji daga maƙwabta, shiru. Ruwan Zamzam da ta ɗebo a 'yar gora ta shanye. Wayarta irin mai maɓallai ce, na saita mata in ta danna ɗaya ni za ta samu, in ta danna biyu ƙanina. Ta yi ta danna ɗaya. Ni kuwa a lokacin muna tsakiyar rabon abincin rana, wayata tana cikin jaka a rataye a bayan tanti, don ba a yarda mu riƙe waya a wurin girki ba. Biyun kuwa ba ta danna ba ko sau ɗaya. Da na tambaye ta dalili daga baya, sai ta ce, "In na kira shi zai ji kunya, zai ga kamar na raina kyautarsa." Wannan amsa ta fi komai ƙona mini rai. Tsohuwa tana zaune a kan siminti mai zafi, jini a yatsa, leɓe a fashe, amma abin da take tsoro shi ne kada ran ɗanta ya ɓaci.

Allah ya kawo wata dattijuwa 'yar Chadi da ke zaune a ɗaki guda a bayan layinmu. Gyaɗa da asuwaki da turaren wuta take sayarwa a bakin kasuwa, muna ce mata Goggo. Ciwon ƙafa ne ya hana ta zuwa Harami a ranar. Ta fito neman burodi wajen la'asar, ta hango baƙin abu a jingine da ƙofarmu, ta ɗauka buhun shara ne aka bari. Da ta matso ta ga mutum ce. Ummi ba ta iya magana sosai a lokacin. Goggo, da ƙafarta mai ciwo, ta ja ta zuwa inuwar wani shago da ke rufe, ta koma ɗakinta ta ɗebo ruwa ta jiƙa mata kai da jiki, ta tare wani mai mota da ke wucewa ya kira motar asibiti. Matar da ban taɓa tsayawa na yi mata gaisuwar da ta wuce ta kan hanya ba.

Ina ɗauko jakata bayan mun gama wanke tukwane na ga kira ya cika fuskar wayar. Kafin in danna sai wani kiran ya shigo daga lambar Ummi, amma muryar ba tata ba ce.

"'Yata, ki kwantar da hankalinki, ni ce Goggo mai gyaɗa. Hajiya tana asibiti, ina tare da ita. Rana ce ta buge ta, sukarin ma ya hau. Sun sa mata ruwa."

Na ce, "Goggo, a ina rana ta same ta? Ba a gida take ba?"

Ta ce, "A bakin ƙofa na tsince ta. Ga wani ƙarfe a hannunta ta damƙe, da ƙyar likita ya ɓamɓare shi."

Ban buƙaci ƙarin bayani ba. Na je wurin shugaban aikinmu na ce zan tafi. Ya tausaya mini, amma ya ce in duba hanya da kaina, babu motar da za ta fita daga Arfa kafin rana ta faɗi, in ta faɗi kuma kowa hanya ɗaya zai bi. Na fito bayan tanti na tsaya. Ko'ina ka duba mutane ne cikin fararen kaya, hannuwa a sama, suna kuka suna neman gafara, a sa'ar da ake cewa babu irinta a shekara. Ni kuwa ina tsaye zuciyata tana tafasa. Na ɗaga hannu in yi wa Ummi addu'a, fuskar ƙanina nake gani yana dariya yana cewa ta huta. Na kira shi. Da na gaya masa, ya yi salati, sannan tambayar farko da ta fito daga bakinsa ita ce, "To me ya fitar da ita a wannan zafin?" Na kashe wayar, domin abin da ke bakina bai dace da wurin da nake tsaye ba.

Sai bayan sallar asuba na isa asibitin, da kayan aikina a jiki. Goggo tana zaune a kan kujerar roba ta miƙe ƙafarta mai ciwo, ba ta tafi ko'ina ba. Ummi tana kwance, fuskarta ta yi baƙi ta faɗa, an naɗe mata babban yatsa. Likitar da ke duba ta ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan da labarin ya canja, kuma ƙodarta ta taɓu, sai an riƙa lura. Har ta bar duniya ba ta koma yadda take ba. Tafiyar da take yi masallaci ita kaɗai daga ranar ta ƙare.

Kwana uku ta yi aka sallame ta. Ƙofar waje sai da aka kira mai gyara ya cire kwaɗon gaba ɗaya, don makullan asali suna cikin motar da ke Ɗa'ifa, kuma ko suna nan ma guntun da ya karye ya toshe ramin. Da yammar ranar da muka dawo 'yan'uwa suka taru dubiya. A cikinsu akwai kawunmu, ƙanin Ummi, dattijo mai faɗa a ji a dangi. Na zuba shayi ina jira in ji wani ya ambaci abin da ya jawo wannan. Sai na ji Kawu ya gyara murya ya juyo gare ni.

"Ke kuma wannan aikin Arfa ya kamata ki haƙura da shi. Mace tana da uwa a wannan hali, ta bar ta kwana da kwanaki. Ga irinta nan."

Ƙanina, yana kallon ƙasa, ya ƙara da cewa, "Ni wallahi na nuna mata sau uku. Abu ne mai sauƙi, ya'ani ko yaro zai iya. Da ta kira ni ma da na turo wani."

Shekara goma sha ina wannan aiki da izinin Ummi da albarkarta, ba a taɓa samun matsala ba sai shekarar da aka taɓa mata makullai. Amma ga shi an zauna an raba laifi, rabi nawa, rabi na makauniyar da ta kasa koyon abu mai sauƙi. Wanda ya yanke igiyar kuwa ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Ni ba mai ɗaga murya a gaban manya ba ce, haka aka tarbiyyantar da mu. Ranar ma ban ɗaga ba, sai na ajiye butar shayin. Na shiga ɗaki na ɗauko gidan makullan Ummi, da jininta da ya bushe a gefensa, na ajiye a gaban ƙanina.

Na ce, "Rufe idonka ka ciro mini na kwaɗon sama."

Ya ce, "Haba Yaya, wannan wane irin wasa ne?"

Na ce ba wasa nake yi ba, tunda ko yaro zai iya, ya rufe ido ya ciro. Ya ƙi taɓawa. Sai Kawu, da niyyar ya kashe maganar, ya miƙo hannu ya ce in kawo ya gani, mene ne abin wahala a ciki. Kawu ya haura saba'in, amma idonsa garau. Ya sa farce ya tura, shiru. Ya juya ɗaya gefen ya tura, shiru. Ya sa tabarau. Ya cire hular kansa ya ajiye, ya sake gwadawa da hannu biyu. Kowa a falon yana kallon yatsunsa. Daga ƙarshe ya nemi a ba shi cokalin shayi, da bakin cokalin ya samu ya ɓallo makulli ɗaya. Ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunsa. Sannan ya juya wurin ƙanina ya tambaye shi, cikin murya ƙasa-ƙasa, ko wannan ne ya ba yayarsa ta riƙa buɗe ƙofa da shi. 

Ummi tana kishingiɗe a gefe, duk mun ɗauka barci take yi. Sai muka ji ta ce, "Ku bar shi haka, alheri ya yi niyya." Sannan ta ce, "Ni dai babu wanda ya tambaye ni. Shi bai tambaye ni ba, ke ma da kike zaune kina kallo ba ki tambaye ni ba."

Na shigo falon nan da fushin da nake ganin duk duniya babu mai gaskiya kamata, sai ga shi ta haɗa ni da shi a jimla ɗaya. Kuma ba ta yi ƙarya ba. Na ga fuskarta ranar da aka sa mata abin a hannu. Na fi kowa sanin yatsunta, ni nake shafa musu magani. Na yi shiru ne saboda ba na son a ce babbar ya tana hassada da kyautar auta, kuma saboda nawa ya yi mini daɗi. Wannan bai rage mini fushin da nake yi da ƙanina ba, har yau ina ganin tambayar da ya yi mini a waya da maganar da ya yi a falo ba su dace da ɗa ba. Amma ya sa na san fushin ba shi kaɗai ya kamata ya ci ba.

Ƙanina bai ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Bayan kwana biyu dai ya zo da sassafe kafin ya wuce ofis, ya zauna a ƙasa kusa da gadon Ummi, ya kama ƙafarta yana magana da Larabci ƙasa-ƙasa. Ban tsaya na ji ba, na shiga ɗakin girki. Da ya fito idonsa ya yi ja. Mun yi kusan wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abin da ya fara sassauto da ni shi ne da na ji ya je har ɗakin Goggo ya yi mata godiya, ya kuma ɗauke ta a motarsa ya kai ta aka duba mata ƙafar. Goggo kuwa tun daga lokacin ta zama 'yar gida, kusan kullum da la'asar tana wurin Ummi suna hira, har Allah ya raba su.

Mutane suna mamaki in suka ga har yanzu ina amfani da nawa gidan makullan. Suna ganin ya kamata in tsane shi. Ban tsane shi ba, ƙarfe ne, ba shi da laifi. Ga mai ido da lafiyayyun yatsu, wanda makullansa sirara ne kuma ya san jerinsu, abu ne mai kyau, yana raba ka da ƙara da yagewar aljihu. Amma yana ɓoye kan makulli, wurin da hannu yake gane shi. Yana buƙatar farce mai ƙarfi da hannu biyu. In notin ya ɗauru da yawa ba ya buɗuwa, in ya kwance makullai su zube. Ba kowane makulli yake ɗauka ba, sai ka je an yanko maka wani. Kuma in kana cikin gaggawa ko ruɗewa, yana ƙara maka mataki ɗaya tsakaninka da ƙofarka. Ga mutum irina wannan matakin ba komai ba ne. Ga Ummi shi ne ya kusa zama ajalinta. Mai sayarwa ba zai gaya maka wannan ba, don shi bai san hannun da abin zai faɗa ba. Mu da muka san hannun mu ne ya kamata mu yi tunani.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari guda biyu ne, kuma da tsada na saye su. Na farko, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka ga tsoho ko mai lalura ya tsara kayansa a wata hanya da ba ta yi maka kyan gani ba, kada ka yi saurin gyarawa. Wataƙila shekaru ya yi yana gwaji kafin ya kai ga wannan tsarin, kuma da shi yake riƙe da 'yancinsa. Ka tambaye shi, ka jira amsa, in ya ce Allah ya yi albarka alhali fuskarsa ba ta ce haka ba, ka sake tambaya. Na biyu kuma nawa ne ni kaɗai. In na ga ana yi wa wanda ba zai iya cewa a'a ba alherin da zai cutar da shi, zan yi magana a take, ko da za a ce na cika baƙin hali. Gara a ji haushina a falo da in je in tsaya a bakin gadon asibiti ina da gaskiyar da ba ta da sauran amfani.